Kiyashi a Jikin Tumatirin Malam

Assalamu alaikum, Abba.

Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka ka sauka lafiya, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da mutanen kirki a garin da ba ka san kowa ba. Na sa ta a aljihun farar rigar mahaifinka da na ninke maka a ƙasan jaka, don na san ba za ka zazzage jakar ba sai ka isa Fatakwal. Da gangan na yi haka, ba na so ka karanta ina gabanka. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san iyakacina aji shida. Ban ba Hafsa ta rubuta mini ba saboda maganar ba ta ƙanwa ba ce. Akwai abu guda da nake so ka yi mini, na kasa faɗa maka da baki.

Bari in fara da ranar da na gane.

Saura kwana biyu in fita takaba Gwaggonka Lami ta zo daga Kura. Da hantsi ne, kai ka fita, Hafsa tana makaranta. Ko mayafi ba ta ajiye ba ta wuce wurin bokitan tumatir da ke jikin katangar rijiya, ta tsaya ta riƙe ƙugu. Tara na dasa. Shida sun ƙone kamar an babbaka su, uku ne ke da sauran rai. Ta tambayi wanda ya yi wannan aika-aika. Na ce ni ce, kiyashi ne ya addabe su, na dama fiya-fiya na fesa musu. Ta ce wai shekara kusan talatin ina auren jikan manoma amma har yau ina nan a 'yar birnina, ko akuyarta ta fi ni sanin ganye. Ka dai san bakinta. Sai ta tsuguna ta kama ganye ɗaya ta juya bayansa, ta ce in matso.

Bayan ganyen nan cike yake da wasu 'yan ƙwari kore-kore, ƙanana ƙwarai, sun manne kamar an barbaɗa tsaki. Na taɓa, na ji danƙo a yatsana. Ta ce sunansu darɓa, su ne ke tsotse ruwan jikin shuka, su fitar da wani abu mai zaƙi, shi kiyashin yake hawa yana sha.

Ta ce, "Kiyashi ba ya cin tumatir, Rabi. Zaƙi yake bi. In kin ga ya yi layi, ki bi shi ki ga inda ya nufa."

Ta ci gaba da surutunta, ni kuwa ban ƙara jin ko kalma ɗaya ba. Idona ya tafi lungu, ƙofar banɗaki. Na zauna daɓas a bakin rijiya. Ta zaci jiri ne na rashin cin abinci, ta ɗebo mini ruwa tana faɗa. Ban gaya mata ba. Ban gaya wa kowa ba sai kai yau.

Wajen shekara biyu kafin Malam, mahaifinka, ya kwanta, kiyashi ya fara taruwa a bakin rariyar banɗakinmu. Za ka tuna, don kun sha ƙorafin warin kalanzir. Na ce Hafsa ce ke shiga da alawa a baki, har na yi mata faɗan da bai kamace ta ba. Na ce simintin ne ya tsage, gidansu ne a ƙasa. Na zuba ruwan zafi, na zuba toka, na zuba kalanzir. Su ɓace kwana biyu su dawo. Kuma tunda don gaskiya na ɗauki biro, bari in faɗe ta: na lura. Na lura in mahaifinka ya fito ne suke yin cincirindo. In ya tafi Kura ya kwana uku, wurin fes. Na gani da idona, ban san ma'anarsa ba, kuma ban tambayi kowa ba. Ta yaya zan dubi mijina in ce masa, Malam, kiyashi yana bin fitsarinka? Mu da muka tashi ko sunan miji ba ma kamawa. Sai na mai da abin aikin tsafta. In riga kowa shiga in wanke, don kada baƙuwa ta gani ta ce matar gidan ƙazama ce. Shekara biyu kullum ina wanke abin da ya kamata in nuna wa wani.

Ba kiyashin kaɗai ba ne. Ruwan randa ya daina kai mu yamma. Wandunansa suka yi masa yawa, shi da kansa ya rage ƙugunsu a kan kekensa yana dariya, wai tela ba ya ramewa, kaya ne ke girma. Zare ya fara gagararsa shiga allura, sai ya miƙo wa Hafsa ya ce fitilar zamani ce ba ta da haske. Da na ce ko zai je asibiti, ya ce basir ne, ya sayo wani jiƙo a jarka wurin masu talla da lasifika, ya yi ta sha yana yamutsa fuska. Na ce a raina ai shi ne babba, ya fi ni sanin jikinsa.

Sauran ka sani, kai ka ɗauke shi a kafaɗa ka sa a adaidaita sahu. 'Yar ƙusa ce ya taka a shago, ciwon da yaro zai yi kwana uku ya manta. Likitar da ta duba ƙafar ta ce sugan ya daɗe a jikinsa, ba na bana ba ne ba na bara ba. Ta tambaye ni ko ban taɓa ganin wata alama a gida ba. Na ce a'a. Wallahi a lokacin ban yi ƙarya ba, kiyashi bai zo mini a rai ba. Sai da Gwaggonka ta juya ganyen nan.

Na san ajali ba ya wuce ranarsa. Na yarda da wannan, da shi nake kwana da shi nake tashi. Amma Allahn da Ya rubuta ranar Shi ne Ya ba ni ido, Ya kuma aiko mini da 'yan halittunSa har ƙofar banɗaki, ni kuwa na bi su da kalanzir.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Kiyashin ya dawo bakin rariya, Abba, kuma Malam ba ya gidan.

Sati uku ke nan da na gani. Ban yarda da idona ba, sai da na bi a hankali. Mu uku ne a gidan. Da na fita takaba, na ja Hafsa da sassafe ba mu karya ba, muka je kemis ɗin bakin titi. Na ce mata gwajin masu takaba ne, ta yarda. Mai kemis ɗin ya soke mu a yatsa, ya duba ɗan injinsa, ya ce ni da ita lafiya lau. Na dawo na wanke wurin tas, na zauna a tsakar gida ina tsintar shinkafa kamar ba komai. Ka shiga banɗakin ka fito ka tafi. Kafin in gama tsinta sun yi layi. Na sake gwadawa ranar Juma'a, haka. Ranar da ka kwana Zariya wajen karɓo takardunka, ko ɗaya ban gani ba.

Ni ba likita ba ce. Mai kemis ɗin ma da na yi masa tambayar a kaikaice, kamar maganar wata maƙwabciya, cewa ya yi kiyashi ba hujja ba ne, gwaji ne hujja, kuma in an gano da wuri mutum yana tsufa da shi cikin iyalinsa. Wataƙila ba komai ba ne. Amma ina ganin gorar ruwa ba ta barin hannunka, ina ganin bel ɗinka ka ƙara masa huda. Kowa cewa yake rashin uba ne ya rame da kai. Ni ma haka na so ya zama.

Sau uku ina yunƙurin gaya maka. Na farko na kawo maka shayi ba sukari, ka kurɓa ka yi dariya ka ce, "Umma, yau laifin me na yi?" Ka miƙa hannu ka zuba cokali uku, ina tsaye ina kallo. Na biyu na zo har ƙofar ɗakinka, ka ɗago kai, sai na ji bakina yana tambayarka ko ka karɓo hulunanka daga wurin wanki. Na uku na yi niyyar in aika Gwaggonka ta faɗa maka, sai na tuna kafin la'asar Kura duka ta ji. To ka ga, abin da ya hana ni magana da uban shi ne ya hana ni magana da ɗan. Kunya abu ne mai kyau, da ita aka san mu, ba na so ka yar da ita a can. Amma ka ji daga bakin wadda ta gwada: in maganar ciwo ce, ka ajiye ta a gefe ka faɗa. In Allah Ya ba ka mata, ka gaya mata tun ranar farko cewa duk abin da ta gani a jikinka ko a bayanka ta faɗa maka, ko da kunya za ta sa ta faɗa tana kallon bango.

Na san abin da za ka yi in ka karanta wannan. Za ka ninke takardar, ka ce Umma tsoro ne ya kama ta tun rasuwar Baba, ka ce sai aiki ya lafa. Na san haka don ɗan Malam ne kai, kuma don ni na koya maka ɓoye ciwo. Wannan ma laifina ne, bari in tuna maka.

Kana ɗan shekara biyar ka faɗi a dakalin rijiyar nan, leɓenka ya fashe. Ka taso da gudu jini yana zuba a rigarka, ka nufo ni hannu a buɗe. Kakarka tana zaune, da mata biyu 'yan barka da suka biyo ta gidan. Kai ɗan fari ne, kuma sunan surukina gare ka. A gaban mutane ba na ɗaukarka, ba na kiran sunanka, in an tambaye ni kai sai in ce yaron nan. Haka na ga uwata ta yi wa yayana, haka aka yaba mata. Sai na kau da kai na ce wa Lami ta kama shi. Ka tsaya cak. Ba kukan ne ya tsaya mini a rai ba, yadda ka daina shi ne. Matan suka ce kai, Rabi akwai kara. Na shiga ɗaki na sa fuska a filo. Tun daga ranar ba ka ƙara kawo mini ciwonka ba. Zazzaɓi ya kama ka sai dai in ji a bakin Hafsa. Har mutanen unguwa Maman Hafsa suke ce mini, kamar ba kai ka fara mai da ni uwa ba.

Ga shi yau na rubuta da hannuna: Sulaimanu. Na daɗe ina kallonsa a kan takardar. Ka yafe mini ranar nan. In ka haifi naka, ka ɗauke shi a gaban kowa, ka bar masu magana su yi. Kuma in wani abu yana damunka a can, ni za ka fara kira, ba sai na ji a bakin ƙanwarka ba.

Bari in koma kan tumatirin, don shi ne ya buɗe mini ido, kuma a kansa ma na yi wauta ba ɗaya ba.

Ka taso ka gan shi a gidan, wataƙila ba ka taɓa tambayar asalinsa ba. Irin kakarka ne, daga bayan ɗakinta na Kura ta zo da shi cikin ƙullin zane lokacin da suka dawo birni. Ƙanana ne, masu tsami, ba irin na kwando da ake kawowa kasuwa ba. Gidan cikin gari ka san ba fili, daga ɗaki sai ɗaki sai katangar maƙwabci. Sai Malam ya riƙa tara tsofaffin bokitan fenti, ya huda gindinsu, ya cika da ƙasa da kashin tumakin gidan Alhaji na kusa da mu. Ni kuwa haushinsu nake ji. Sun cinye mini wurin shanya, in na ɗebo ruwa in yi ta kewaye su, ga kaji ba dama in kiwata. Na sha ce masa abin da ba ya cika tukunya ɗaya shi ya tare mana rabin gida. Sai ya ce ai ba don tukunya yake yi ba.

Kullum in ya dawo daga masallaci da safe, kafin ya tafi shago, sai ya tsuguna a gabansu. Ya juya wannan ganye, ya juya wancan, ya murtsuke wani abu da yatsa. In sun yi fure ya riƙa ɗan ƙwanƙwasa karan da farce. Ina tsokanarsa in ce gaisawa kuke yi ne, sun kwana lafiya? Ya ce sun ce a gaishe ki. Sau da yawa yakan ce, "Rabi, zo ki ga wani abu." Ni kuma in ce koko zai yi gudaji, ko in ce wuta za ta mutu. Ko sau ɗaya ban je ba. Da na tsuguna kusa da shi sau ɗaya tak, da ya nuna mini bayan ganye, da ya gaya mini abin da kiyashi ke bi, tun yana da ƙafarsa. Maganar da Lami ta faɗa mini a tsaye cikin minti biyu, mijina ya yi shekaru yana kirana in zo in ji.

Yanzu da safe in na fito, wurin da yake tsugunawa nake fara kallo. Simintin wurin har ya fi sauran santsi. Wani lokaci ina dama koko sai in ji kamar an ce zo ki ga wani abu, in saki muciya in fito. Don haka, Abba, in wanda kake so ya kira ka ka ga wani abu, ko ƙwaro ne a bayan ganye, ka ajiye abin hannunka ka je. Kokon da ya yi gudaji ana tace shi. Ina da shekara hamsin ba biyu kafin in san wannan.

Bayan sadakar arba'in ina share tagar ɗakinsa na ga gwangwanin madarar da yake ajiye iri. Na buɗe, ga ƙullin takarda, da rubutunsa na ajami a jiki. Ban yi shawara da kowa ba. Na juye shi duka a tsohon kwano na rufe da ƙasa, don ina so in ga wani abu nasa yana motsi a gidan. Daga baya Lami ta gaya mini shi bai taɓa shuka duka ba, rabi yake zubawa ya bar rabi saboda ko za a yi asara. Ta ce ita ma nata ya ɓace tun shekarar da ruwa ya ci bayan gidansu, ta dogara da na wurin ƙaninta. Ka ga ke nan duk abin da ya rage na irin kakarka a duniya yana cikin bokitan nan. In ka samu abu a hannunka, ko albashi ne ko ƙarfin jikinka, kada ka juye shi duka rana ɗaya don zuciyarka tana zafi. Ka bar rabi a gwangwani.

Sun fito kuwa, na dasa tara, suka yi kyau har suka fara fure. Takaba ta zo mini da sauƙi saboda su. Ba na fita ko soro, to su ne maƙwabtana, su nake yi wa hira. Sai ran nan na ga kiyashi yana hawa yana sauka a jikin kara, ganyen sama ya fara nannaɗewa. Abba, ban san irin fushin da ya taso mini ba. Gani na yi an ɗauke mini mutum, yanzu kuma an biyo ɗan abin da ya bari. Na ɗauko kwalbar fiya-fiyar da muke sa wa sauro, ban auna ba, na tuttula a ruwa, na yi musu wanka da tsakar rana, rana tana dukansu. Kafin magariba sun sunkuyar da kai. Da safe shida sun tafi. Ukun da suka tsira, inuwar katanga ce ta rufa musu asiri, kuma ruwan ya ƙare kafin in kai kansu sosai.

Da Lami ta tona ƙasar gindin bokitin da yatsa, ta ɗago wani ɗan ƙwaro matacce, mai jan baya da ɗigo-ɗigon baƙi, ta ɗora mini a tafin hannu. Ta ce wannan shi ke cinye darɓa, Malam ko da wasa ba ya kashe shi, in ya gan shi a bango ma ɗauko shi yake ya kawo kan ganye. Ta ce na kashe mai gadi, ɓarawon kuwa yana bayan ganye ko jiƙewa bai yi ba, don ta sama na yi feshin. Abin da na sa a gaba in kare shi, ni na ƙone shi da hannuna.

Ina gaya maka wannan ne saboda na san halin gidanmu. In ka ji tsoro, kada ka tsaya a tasha ka sayi jiƙo a jarka kamar yadda mahaifinka ya yi. Kada abokin aiki ya ce ga wani ganye mai ɗaci da ya warkar da kawunsa ka kama sha. Kada kuma ka daina cin abinci ka ce kana maganin kanka. Duk wannan fiya-fiya ce da tsakar rana. A fara juya ganyen a ga abin da ke bayansa, sannan a san abin da za a zuba.

Lami ta kwana huɗu, ta koya mini yadda Malam yake yi. A daka ganyen darbejiya a jiƙa ya kwana, a tace, a ɗan sa sabulun salo, a bi bayan ganye ɗaya-ɗaya da tsumma in rana ta yi sanyi. Wanda ya lalace sosai a tsinke a kai murhu. A zagaye gindin bokiti da toka. Ba rana ɗaya ba, kullum. Ta ce ƙwanƙwasa karan da nake yi wa dariya, shi ke sa furen ya kama ya zama ɗa, tunda iska ba ta shigowa gidan sosai. Yanzu ni ce nake tsugunawa a wurinsa ina ƙwanƙwasawa. Hafsa ta fito ta gan ni ran nan ta ce, "Umma, sun kwana lafiya?" Na ce sun ce a gaishe ki. Muka yi dariya, sannan kowa ta shige ɗaki da sauri.

Darɓar ta ragu ƙwarai. Da ta ragu, kiyashin da kansa ya daina hawa, ban kashe ko ɗaya ba. Shekaranjiya ma na ga ɗan ja mai ɗigon nan guda ɗaya ya dawo, ban san ta inda ya shigo ba. Na bakin rariya kuwa na daina zuba musu komai. Ina wanke wurin da ruwa kawai. Ba su yi mini laifi ba.

To ga roƙona, ba shi da yawa. Satin da ka sauka, kafin ka san hanyar kasuwa, kafin ka hau rufin kowa ka ɗaura masa sola, ka nemi asibiti. Ka je da safe ba ka ci komai ba. Ka ce mahaifinka da ciwon suga ya rasu, ka faɗi ƙishirwar, ka faɗi ramar, kada ka rage komai don kana jin nauyin likita. In sun ce babu, alhamdulillahi, ka yi mini dariya iya son ranka, ka ce tsohuwa ta sa an soke ka a banza saboda kiyashi. In sun ce akwai, to mun juya ganyen da wuri, sai mu bi shi kullum a hankali yadda suka ce. Ka riƙa sa takalmi mai rufi a wurin aiki, akwai ƙusoshi a rufin mutane. Shayin ma ka rage masa, na ga hannunka irin na ubanka ne a gwangwanin sukari.

In ka kira ni ba sai ka yi dogon bayani ba, na san da nauyi tsakaninmu, ba rana ɗaya zai sauka ba. Ka ce, "Umma, na je." Sauran sai in tambaya, na yi alkawari wannan karon zan tambaya.

Na so in sa maka ƙullin iri a jakar nan, ka samu bokiti a can ka shuka, ko ƙasar ba ta karɓe shi ba ka dai gwada. Bai yiwu ba. 'Ya'yan suna nan goma sha ɗaya a jikin ukun, duk ɗanyu, ɗaya ne kawai na bokitin kusa da rijiya ya fara sauya launi. Lami ta ce ba a cire na iri sai ya nuna ya yi luguf a jikin uwarsa, a matse a kan tsumma, a shanya a inuwa. Kullum ina lulluɓe shi da tsohon gidan sauro saboda tsuntsaye. Gobe in ka fita da jakarka, ba zan raka ka soro ba, ka san ba zan iya ba. Wurin bokitan za ka bar ni.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka a hanya da masauki. Allah Ya tsare ƙafarka da idonka, Ya ba ka abinci na halal da maƙwabta masu amana. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka riƙa sa mahaifinka a addu'a. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mini abin da na gani na yi shiru. Allah Ya dawo mini da kai da ƙafafunka, ka tarar da ni da rai. Hafsa ba ta san da takardar nan ba, sai ka ga dama ka gaya mata.

Ni ce mahaifiyarka,
Rabi

Gwangwanin yana nan a taga, na wanke shi, ba iri a ciki tukuna. Kai kuma ba ka je gwajin ba.